Reshen da Lawali Ya Kwance

Kakarmu Iya Tabawa ba ta san tatsuniya mai daɗin ƙarshe ba. A tata ko dai an yanka wani, ko an cinye wani, ko an ƙone gari ƙurmus. Innarmu ta sha yi mata magana a kan tana hana yara barci, ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ce gara mu ji tsoron a gabanta, inda akwai mai rarrashinmu.

Ƙauyenmu yana ta wajen Sae Sabuwa. Idan an gama kai damman gero rumbu, sanyi ya fara shigowa, da mun ci tuwon magariba sai ta hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya a toka. Mu jikoki mu yi zobe. Ƙanena Lawali ne kullum manne da cinyarta. Mijin banza take ce masa, wai tun da ta aure shi ko goro bai taɓa saya mata ba. Takan buɗe da cewa ga ta nan tafe da jini a ƙafa, mu ce ta iso mu gan ta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta maharbi da kura. Wai wani maharbi ya harbe ɗan kura, kurar ta yage masa cinya, ya ja jiki ya ɓuya cikin kogon wata kuka a daji. Matarsa kaɗai ta san wurin. Kullum takan kai masa fura, amma kafin ta bar gari sai ta karyo reshen sabara ta ɗaura a ƙugunta da igiya, yana jan ƙasa a bayanta yana share sawu. Kura ta yi nema har ta gaji. Sai ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta kafa randar ruwan sadaka a mararraba, duk mai wucewa ya sha kyauta. Ba ta tambayar kowa inda za shi. Ƙasar gindin randar dai kullum a jiƙe take, wanda ya sha ya tafi sai ta bi ƙafarsa da ido.

Ran nan matar ta kwanta naƙuda, ta aiki ƙanwar mijin da furar, ta ɗaura mata reshen da hannunta. Yarinya ta sa sabon zane. Tana isa mararraba ta ga samari, kunya ta kama ta, ga reshen yana ja mata baya yana hana ta sauri. Ta kwance ta yar, ta sha ruwan sadaka, ta wuce.

A nan Iya takan rage murya. Kura ta bi sawu har kogo, ta jawo maharbi ta ƙafar nan mai ciwo, ta fasa masa kai da haƙori, ta zazzago hanjinsa ta rataye a reshen kukar. Iya sai ta ɗauki ɓawon gujiya ta murƙushe a saitin kunnen Lawali, ƙaras, ya ƙwalla ihu, mu watse mu sake dawowa. Na taɓa tambayarta laifin wa ne, na kura ko na yarinyar. Ta zungure ni da kara.

"Ke dai kura aikinta ke nan. Duk inda aka ba ki ruwa kyauta, ɗiyata, duba ƙasar da kike takawa."

Iya ta rasu tun ina koleji. Ni na zama malamar lakol, makarantar boko, a Gidan Rumji, Lawali ya zama dillalin dabbobi, ya yi aure, ya haifi ɗiya aka sa mata sunan Iya. Sai masifar ɓarayin daji ta iso mana ta wajen iyaka. Suka kora shanun Fulanin da yake hulɗa da su, suka harbe wani Ja'e abokinsa a gaban 'ya'yansa. Lawali akwai zafin zuciya. Da yake dillali ne, ya san shaidar kowace saniya, in ya ga ta sata a kasuwa nan take yake gane ta. Sai ya fara kai rahoto ta salula, a wani shafi da aka buɗe don mutum ya tsegunta wa jandarma ba tare da ya ba da suna ba. Ni kaɗai ya faɗa wa.

Rezon salula a bakin kasuwa ba shi da ƙarfi, saboda haka a wata rumfa yake hawa wifi. Mai rumfar yana sayar wa kowa kod ɗin shiga, shi kuwa kyauta yake ba shi, wai ai shi na gida ne. A wani horo da aka yi mana mu malamai an nuna mana cewa mai wifi, ko bai karanta abin da ka rubuta ba, yana iya ganin wace salula ce ta shiga wane shafi, da kuma lokacin. An sa mana wani abu da ake kira VPN. In ka kunna shi, ɗan makulli ya fito a saman salula, mai wifi sai dai ya ga ka hau, ba zai ga inda ka nufa ba. Ba ya rufe bakin mai surutu, hanya kawai yake sharewa.

Na karɓi salularsa na sa masa da hannuna, na ce reshen sabara ne. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Yaya har yanzu tsohuwar nan ba ta sake ki ba. Bayan 'yan makonni na duba, ba makulli. Wai yana sa salula nauyi, yana shan batir, hoton saniya ya daɗe bai tafi ba. Na yi masa tatas, na ce masa sakarai. Ya rantse zai mayar, kuma bai mayar ba.

Ranar wata kasuwa, da la'asar sakaliya, ɓarayin suka tare shi a kan moto tsakanin gonaki. Suka kwantar da shi, suka lissafo masa ranakun da ya shiga shafin, da rumfar da ya zauna. Suka tambaye shi da wane hannu yake latsawa. Suka ɗora hannun daman a kan kututture suka yi ta dukansa da gindin bindiga har ƙashi ya fito, sannan ɗaya ya zare adda ya datse hannun. Wani mai amalanken jaki ne ya tsince shi cikin jini. Mai wifi kuwa kafin gari ya waye ya kwashe kayansa, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Allah ya isa! Ban yafe masa ba, kuma ba ni da niyya.

Na daɗe ina jin haushin yarinyar nan ta tatsuniya. Da na zauna a bakin gadon Lawali a asibitin Maradi sai haushin ya gagare ni. Reshen yana da nauyi da gaske, kuma kafin ranar ba wanda ya taɓa ganin kurar da idonsa, tsohuwa mai kirki kawai ake gani.

Yanzu yana gidana yana jinya. Na ɗauka ya bar zancen rahoto har abada. Shekaranjiya da hantsi wani Bafulatani ya zo duba shi, suka yi ƙus-ƙus a zaure. Da baƙon ya tafi, Lawali ya ɗora salula a gwiwa yana ta fama da hagu, tana zamewa. Tabawa ƙarama ta riƙe masa, duk da haka yatsan bai samu wurin ba. Ya ɗago ya dube ni, ba alamar dariya.

"Yaya, zo ki ɗaura mini reshen."

Na karɓa, na latsa, muka zuba ido mu uku har ɗan makullin ya fito.