Addu'ar 'Yar Fari

Shekarun baya, ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da Kuki. Mu masu bi ba mu da yawa, ɗakin sujadarmu ma na jinka ne, a kan tabarma muke zama. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Allah ya hore mini baki. In na fara zance, sai dai mutum ya gaji ya tashi.

Kun san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, "waccan" ce ni. Wannan bai taɓa damuna ba sai a wurin addu'a. In aka ba ta addu'a a zumuntar mata, sai ta jero ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har tunkiyarmu marar lafiya ta samu shiga, ni kuwa a tsallake ni. Ga shi saura wata guda a kai ni Kurfi gidan miji. Abin ya tsaya mini a rai: zan tafi ke nan Inna ba ta taɓa kai ni gaban Allah ba?

Ana cikin haka mai bisharanmu, wani dattijo marar hayaniya, ya kawo mana addu'ar shiru duk ran Laraba da yamma. Ya ce, "Kullum mu ke ta magana. Yau kowa ya kama bakinshi, mu saurari Ubangiji." Ba waƙa, ba tafi. Ni da ko tuwo nake ci ba na shiru! Na ƙirga kukan kurciya, na zaga kasuwar Dutsin-Ma a zuci, ƙafata ta sage. Laraba ta uku na saci kallon Inna da ido ɗaya. Hawaye na zuba, amma murmushi take yi.

Da muka koma gida tana tankaɗe, na ce, "Inna, wai mi kike samu cikin shirun nan? Ni ban ga amfaninshi ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ke, gaya ma waccan sarkin surutu, shekara sha tara ina neman inda zan kira sunanta ba kunnen mutum. Yanzu Allah ya ba ni wurin, ita kuma ta ce ba amfani."

Ƙanwata ta kwashe da dariya. Ni kuwa na ruga bayan rumbu, ina kuka ina dariya, don daɗin ya fi ƙarfina. Laraba ta gaba na zauna kafaɗa da kafaɗa da Inna, sai da aka taɓa ni na san an tashi.

Yanzu na tsufa, surutun bai ragu ba, amma kullum ina ware ɗan lokaci in zauna shiru gaban Ubangiji, kuma shi ne lokacin da na fi so. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban sake nema ba.