Akwatuna Tara na Dakta Halliru

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga Fabrairu, 2018, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, Dakta Halliru Maccido na Kagara. A kan bencin wani ofishi a Sakkwato ya yanke jiki ya faɗi, da takarda a hannunsa, yana jiran sa hannu.

Halliru, ni Mu'azu manomin albasa ne, ban yi boko ba, amma ba ka taɓa raina tambayata ba. Shekara goma sha biyu ka yi a Turai kana aiki da wata na'ura mai siffar zobe, wadda ke kora ƙwayoyin zarra a guje, kuna nazarin yadda dubbansu ke ture juna ko suna nesa. Ranar da ka iske ni ina ban ruwa ƙasan dam ɗin Goronyo na ce, "Wai mi kaka nema cikin abin da ido bai gani?" Ka tuɓe takalmi ka kama mini fartanya, ka ce, "Yaya, in anka saki ruwa nan, manomin Wurno ba shi ji? Haka suke."

Abokan aikinka suka ba ka kyautar ƙaramar na'ura da kayan awo, akwati tara, don ɗalibanmu su koya a gida. Ka bar aikinka ka biyo kayan. Ɗaki guda ka roƙa a ofishin nan, da wutar lantarki, don a kafa kayan. Shekara huɗu ana ce maka oga ya fita, ka dawo gobe! Aka jibge akwatunan a rumfa, damina ta shige su. Da hannunka kake rufa musu tamfol. Hawan jini ya kama ka, mahaifiyarmu Inno ta roƙe ka ka koma Turai, ka ƙi.

Ranar addu'ar uku sai ga shugabannin ofishin da manyan riguna, wai za a sa sunanka a ƙofar wani zaure. Wanda ya hana sa hannun shi ya fi kowa yabonka. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, ba mu son allo. Ku buɗe kayan, ku ba yara." Sai ya duba agogonsa.

Na san ajali ba ya wuce ranarsa. Amma wulaƙanci aikin mutum ne, kuma ni ban yafe ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa iliminka ya bi ka da lada. Allah Ya ba Inno, da matarka Azumi, da 'yarka Turai haƙurin wannan rashi. Su kuwa, mun bar su da Mai hisabi.