Dodannin da Na Naɗe Ƙosai da Su

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, don haka in kun ji maganar ta yi kama da ta bakin murhu, to daga can ta fito.

A lokacin da abin nan ya faru ina zaune a wani gari da ke gefen Dutse, inda duwatsu ke ƙarewa gonaki su karɓa. Mai gidana ya daɗe da rasuwa. Sana'ata suyar ƙosai a ƙofar gida, daga an fito sallar asuba har rana ta ɗaga. Abu biyu aka san ni da su a unguwa, ƙosai da tatsuniya, kuma ina ganin kaina a matsayin macen da ta san abin da ya dace da kowa a gidanta. Wannan ganin ne ya kai ni ga abin da zan faɗa muku.

'Ya'ya Allah ya ba ni da dama, ya karɓi abinsa, namiji ɗaya ya bar min har ya girma ya zama malamin firamare. Mutum ne mai sanyi, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa tun yana karatu a Kano: waɗansu tsofaffin littattafan Turawa 'yan sirara, masu zanen hannu a kowane shafi. Da fari ya tsinci 'yan kaɗan ne a wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, daga nan kuma bai sake hutawa ba. Duk inda ya ji labarin akwai ɗaya, sai ya je. Ya taɓa gaya min sun girme shi nesa ba kusa ba, wai an buga su tun kafin a fara yayin waɗannan ƙartin masu matsattsun kaya da ke tashi sama, irin waɗanda yara ke kallo a waya yanzu. Kowane littafi da ledarsa, kowanne da lambarsa, a jere cikin wata koriyar adaka. Adakar kuma a kan bulo huɗu take saboda gara, ga busasshen ganyen darbejiya a tsakani. In rani ya yi sai ya fito da su, ya wanke hannu, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya su sha iska. Akwai wata lamba guda da ya shekara yana nema. Ranar da ya samo ta ya shigo min da murna kamar wanda aka yi wa haihuwa, ni kuwa na ce masa da ƙaton rago ya shigo da shi da na taya shi. Ya yi dariya kawai. Ban taɓa cewa ya buɗe min in gani ba, shi ma bai taɓa matsa min ba.

'Yarsa ɗaya ce, ita ce jikar da nake ji da ita. Tsakanina da ita ba a gaisuwa sai da tsiya. Ita ta ce min tsohuwa mai ran ƙarfe, yaushe zan tafi in ba mutane wuri. Ni in ce mata mai ƙafar sauro, ko kyauta aka ba ni ita ba na so. Wanda bai san mu ba sai ya zaci faɗa muke. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da na kusa rasawa.

Da ciwon ajali ya kama ɗana, kwana biyu kafin ya cika, ya kira ni ya ce, Inna, adakar nan ta yarinyar ce, in riƙe mata har ta gama karatu, kada in bari ruwa ko gara su taɓa. Na ce na ji, na karɓa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Bayan addu'ar arba'in da fitar takaba, uwar yarinyar ta koma gidansu a Garki, yarinyar kuma ta tafi jami'a a Kafin Hausa, aka shigo da adakar ɗakina.

Wata ranar Laraba da hantsi na buɗe ta. Innalillahi. Na farkon da na zaro, wani hannu ne kore yana fitowa daga kabari. Na biyu, ƙoƙon kai ne sanye da hula yana dariya. Na ga mutum-mutumin ƙarfe ya saɓi mace a kafaɗa, na ga jirgi mai kama da faifai yana zubo wuta a kan gari, na ga wata halitta mai ido ɗaya da hannuwa sun fi na gizo-gizo yawa. Na kira maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta leƙa sau ɗaya ta ja baya tana salati. Ta ce da waɗannan nake kwana? Ta ce ai mala'ikun rahama ba sa shiga inda irin waɗannan suke, kuma wa ya sani ko su ne suka tsotse min yaro. Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ban tambayi malami ba, ban jira yarinyar ba. Na ce a raina sun ci uba, ba za su ci 'ya ba.

Ƙonawa na so yi, amma mu an raine mu da tsoron sa wa rubutu wuta. Irin mu, in muka ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa, ɗauka muke mu soke a jikin katanga don kada a taka. Takardar boko kuwa, a sanina, amfaninta ɗaya ne in an gama da ita: a naɗe ƙosai. Sai na ga hanya ta samu. Ba wuta, ba zunubi, su fita daga gidan a hannun mutane, shafi shafi. Washegari na yage na farko. Takardar ta tsufa ta yi laushi, ga ta da shan mai, ban taɓa samun mai kyanta ba. Ledojin ma ban yar ba, da su na riƙa ƙulla yaji.

Abin da zai ba ku mamaki, ciniki ya buɗe. Yaran makaranta suka riƙa layi, wannan ya ce, Iya, a sa masa a cikin mai ido ɗaya, wancan ya ce shi mai jirgi yake so. Har wani tela ya riƙa aikowa a ce a zaɓo masa mai kala sosai. Na ɗauka alama ce ta na yi daidai. Akwai ɗan rubutun fensir ƙanana a gefen kowane zane, ina ganinsa, ban taɓa tambayar na mene ne ba. Damina ta wuce, kaka ta shigo, adakar da take cike maƙil ta koma saura bakwai a ƙasa.

Ran nan da safe sai ga jikata ta sauko daga kan babur da jakarta, an yi hutu. Tun daga nesa take cewa ashe har yanzu tsohuwar nan ba ta mutu ba. Na ce sai na ga bayanta tukuna. Na tsamo mata ƙosai masu zafi, na yagi shafi na naɗe, na miƙa mata. Ta zauna a kan turmi tana ci tana ba ni labarin makaranta, har ta cinye. Sai ta buɗe takardar za ta goge hannu. Na ga ta tsaya. Ta ɗaga ta sama wajen haske, man ya ratsa ta har ana ganin bayanta. Ta ce min a hankali, Kaka, wannan rubutun Babana ne. Ta tambayi inda adakar take, na nuna mata da baki. Ta shiga, ta daɗe. Ƙosan da ke cikin kasko suka ƙone ina kallonsu.

Da ta yi ihu, ko ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Fitowa ta yi ta gaya min cewa rubutun fensir ɗin nan fassara ce. Uban ne ya bi kowane zane ya rubuta da Hausa abin da ake cewa, tun tana 'yar ƙarama, don ya riƙa karanta mata, kuma da su ta koyi karatu a kan cinyarsa. Ta ce ba ta da wani abu mai ɗauke da hannunsa sai su. Daga ranar ta daina tsokanata. Da safe sai ta durƙusa har ƙasa ta ce ina kwana, Kaka, an tashi lafiya, kamar 'yar maƙwabta da aka aiko. Ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta wanke min wake. In na ce mata mai ƙafar sauro sai ta ce na'am. Jama'a, ladabi bai taɓa yi min ciwo irin wannan ba.

Na sa mayafina na bi gari gida gida, ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, ina tambaya ko akwai wanda ya ajiye takardar ƙosaina. Wasu suka yi dariya, wasu suka zaci na fara ruɗewa. Yawanci an hura wuta da su, wasu akuya ta cinye. Telan nan ya ɓamɓaro min guda tara daga bangon shagonsa, wata uwa ta zazzage jakar 'yarta ta samo min huɗu. Na kawo su duk sun yi mai, na ajiye a gabanta, na ce amana aka ba ni na ci, ba ni da abin cewa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Ko a nan ba ta kalle ni ba.

Ana jibi za ta koma, bayan la'asar, ta fito da ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wanda ya fi kowanne tsufa, ta zauna a bakin tabarmata. Ta ce akwai abin da take so in ji. A cikin bangon, uban ya rubuta cewa wannan ne na farkon da ya saya, kuma ya saye shi ne don dodon da ke jiki ya yi kama da wanda Innarsa ke ba shi labari, mai fitowa daga rijiya. Wai ashe Turawa ma suna da nasu, amma har yau bai ga wanda ya kai na Inna ban tsoro ba. Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Ashe duk shekarun nan da yake yawon nema, tatsuniyata yake bi. Abin da na shuka a kansa da bakina shi ne na yayyaga da hannuna.

Mun yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da muka natsa ta karanta min labarin tun daga farko, tana nuna min zanen da yatsa. Da ta kai ƙarshe na ce ai mai labarin nan bai iya ba, ina aka taɓa kashe dodo tun bai ci ko mutum uku ba. Sai ta kalle ni, karo na farko cikin mako uku, ta ce to wa zai yi musu da tsohuwar da ta soye dodanni sama da ɗari ta sayar wa yara da yaji. Na ce Allah ya shirye ta, mai ƙafar sauro. Ta ce ita da ni a ga wanda ya fi buƙatar shiriya.

Bakwai ɗin suna nan, da shafuka goma sha uku masu ƙamshin man gyaɗa, kowanne ta sa shi a leda. Sauran sun tafi, ba mai dawo da su. Yanzu ni ce nake sauya ganyen darbejiya in rani ya yi, kuma sai na wanke hannu.

Abin da na koya shi ne, tsoro ya sa na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya, alhali tambaya ɗaya ta isa. Ina kira ga tsofaffi 'yan'uwana, da duk wanda mamaci ya bar wa ajiya: abin da kuka ga mutum yana lallaɓawa shekara da shekaru, ko bai yi muku kama da dukiya ba, ko ya ba ku tsoro, kada ku taɓa shi sai kun nemi wanda zai karanta muku. Ba a ba ku amana don ku auna ko ta dace ba, an ba ku ne ku miƙa. Ni an yafe min, amma kullum na ɗaga murfin adakar nan sai na ga wurin da babu komai.

Wadda take rubuta min wannan ita ce jikar tawa. Ta ce in ƙara da cewa ƙosan ma gishiri ya yi musu yawa. Ƙarya take yi.