Kawu Nomau da Mai Riƙon Igiya

Duk wanda ya zauna tsakanin Sheme da Tafoki ya san cewa da zarar damina ta fara ɗaukewa, ruwan fadamarmu ya ja baya ya bar baƙar laka, za a ga Kawu Nomau ya fito da hantsi, gora a kafaɗa, igiya a naɗe a hannu, yana bin ƙofofin gidaje yana neman wanda ba shi da aikin yi. Kun san shigar tasa. Tsohon wando da ya ɗaure bakin ƙafafunsa da roba, matsattsiyar riga mai dogon hannu a cuse cikin wandon, safa bibbiyu a kowace ƙafa, kai babu hula. Mutumin da ko bayan gida ba ya zuwa ba hula, amma ranar taɓo kansa a buɗe yake kamar ƙwarya.

Ba kamun gaiwa yake zuwa yi ba, ba kuma ɗibar laka ta gini ba. Shiga kawai yake yi, ya nutse zuwa ƙugu, ya tsaya. Shekaru da yawa yana cewa maganin ciwon gwiwa ne, har ranar da liman ya tsare shi ya ce ai bai taɓa ganinsa yana ɗingishi ba. Kawu ya ce gaskiya gwiwarsa lafiya lau take, daɗi kawai yake ji. Ya tambayi liman ko akwai inda aka hana. Liman ya ce zai duba. Har suka rabu duniya bai gama dubawa ba.

Ni Sale, ɗan ƙanwarsa ne, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa yi masa dariya a bayan ido. Allah ya yafe mini.

Dokokinsa kuwa sun fi na mai unguwa yawa. Mai miki ba ya shiga. Ba a shiga bayan an yi ruwa a gabas, domin rafi yana tasowa ba sallama. Sai ka caka gora ka ji inda ƙasa mai tauri take, idan gora ta shige ba ta dire ba, wurin ba naka ba ne. Cibiya ce iyaka, laka ta kai ƙirji numfashi take matsewa. Da ka fara jin sanyi a ƙashi ka fito. Amma babbar dokar, wadda ta zame masa wahalar rayuwa, ita ce ba a shiga sai da mutum a kan tudu riƙe da igiyar da aka ɗaura maka a ƙarƙashin hammata. Mutum baligi, mai ƙarfi, wanda idonsa biyu. Gora da wando suna gida kullum. Mai riƙo ne ba ya samuwa, domin wa zai bar girbin gero ya je ya zauna yana kallon dattijo a tsaye cikin caɓi?

Da fari matarsa, Inna Hajo, ita ke riƙe masa. Takan tafi da kwandon gyaɗarta ta zauna tana ɓara, igiya a ɗaure a hannunta. Shi kuma ya juya mata baya yana kallon yamma yana ta zuba, labarin kakanninsa tun suna Maguzawa, da yadda suke yanka baƙin bunsuru a bakin wannan fadamar kafin shuka. Wata rana ta tuna ta bar wake a wuta. Ta ɗaure igiyar a gindin giginya ta yi tafiyarta gida. Kawu ya daɗe yana ba giginya labari, har yana tambayarta ko ta tuna shekarar fara. Da ya waiwaya ya ga abin da ake ciki, ya fito a hankali, ya zo gida baƙi ƙirin daga ƙugu zuwa ƙasa, ya tsaya a tsakar gida yana ɗiga. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi giginya tana da haƙuri, ta fi wasu sauraro, amma idan mutum ya kafe ba ta iya rugawa gari kiran jama'a. Inna ta ce to ya auri wadda ta iya. Sati guda ba su yi magana ba, kuma waken duk da haka ya ƙone.

Sai zancen Malam Iro mahauci, taubashinsa na Damari, mutum mai jiki da tumbi. Bayansa ya matsa masa, wani ya ce masa laka tana magani, ya hau babur ya zo. Ya iso cikin 'yar shara mai faɗi da dogon takalmin roba sabo fil, irin na masu aikin kwata. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce ya tuɓe duka biyun. Riga mai faɗi tana kwasar laka ta yi nauyin buhun masara, dogon takalmi kuwa da ya cika, taɓo ya riƙe shi, ko ka bar masa takalmin ko ka bar masa ƙafar. Iro ya ce shi ba zai sa safa kamar ɗan firamare ba, kuma bawa ba ya koya wa ubangijinsa sa tufafi. Kun san wasan taubasai. Igiya kaɗai ya yarda aka ɗaura masa, Inna ta riƙe.

Taku kaɗan ya yi ya kafe zuwa cinya. Ya fara fizga, yana fizga yana ƙara shigewa, yana salati yana kiran sunayen 'ya'yansa. Kawu yana gefensa a tsaye, hankali kwance.

"Bar kokawa, Iro, ba sa ba ne. Gicciya gorar a bayanka ka kwanta rigingine."

"In kwanta? A cikin wannan?"

"Shimhiɗa ce, ta hi katiharka laushi. Baje hannuwa. To motsa ƙahwa ɗaya a hankali, ka bar ruwa shi shiga ta gehe."

Haka aka yi. Ƙafar dama ta fito da takalminta, ta hagu ta fito tsirara. Aka jawo shi tudu kamar an jawo tarwaɗa. Yana zaune yana haki, Kawu ya matso ya ce tunda takalmi ɗaya ba ya yi wa mai ƙafa biyu amfani, ya bar masa wanda ya tsira, zai riƙa zuba wa kaji dusa a ciki. Iro ya wurga masa. Kaji sun ci dusa a takalmin nan har ya tsage.

Da Inna Hajo ta rasu, igiya ta dawo wuyana, domin 'ya'yansa duk mata ne kuma sun yi aure nesa. A lokacin ina da ɗan teburin kayan masarufi a bakin titi a Sheme, ina jin kaina mutum. Kunya nake ji a ce ga mai riƙe wa Sarkin Taɓo igiya. Na yi ƙaryar zazzaɓi, na yi ƙaryar zuwa Funtuwa sayayya, na taɓa ɓuya a bayan rumbu ina jinsa yana sallama. Ranar da na ƙi, ba ya shiga, sai ya koma gida ya rataye gorarsa.

Wata Juma'a ya ritsa ni bayan an sauko masallaci, ina cikin farar shadda. Na bi shi ba don ina so ba. Ƙa'idarsa mai riƙo ya riƙa magana, don a san bai yi barci ba. Na ci tuwo na ƙoshi, inuwa ta yi daɗi, na naɗe igiyar a hannu na kishingiɗa a bakin gaɓa. Barci ya kwashe ni. Daga baya ya ce ya kira ni ya kira, ban amsa ba. Sai ya kama igiyar da hannu biyu ya fizga. Na farka a cikin laka, zaune daram, har cibiya. Ina buɗe baki zan yi magana ya ce in lura, yanzu mu biyu ne a ciki babu kowa a tudu, mun karya doka, maza mu fita. Muna fitowa ya duba shaddar ya ce ai fari ba kayan taɓo ba ne, da na tambaye shi da ya ara mini wando. Sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni ko na ji daɗin. Na ce ko kaɗan. Ƙarya na yi. Akwai wani sanyi da laka ke yi wa cinya a tsakiyar zafin kaka wanda ban taɓa samunsa a wani wuri ba.

Da daji ya lalace da 'yan bindiga, mutane suka daina nisa da gari, 'yarsa Lami ta ɗauke shi ya koma wurinta a Ƙanƙara. Ta ce ya zagaya kududdufan bayan gari duka da gorarsa, ya dawo ya ce babu na kirki, fasassun kwalabe ne da leda, wannan ba laka ba ce, juji ne da aka jiƙa. Ya yi shekaru bai shiga ba. Ya rame, surutunsa ya ragu.

Kakar da ta wuce an ɗan samu sauƙi, ya matsa sai da aka kawo shi ƙauye. Ya aiko mini cewa gobe da hantsi yana bakin fadama. Na ce ina zuwa. Ranar kasuwa ce, ciniki ya buɗe, na ce bari in sallami wannan, bari in sallami wancan. Sai da aka kira la'asar na ankara. Na rufe tebur na hau babur, ina tafe ina cewa ko dai ya gaji ya tafi, ko kuma, abin da na fi tsoro, ya shiga shi kaɗai.

Na same shi zaune a kan gaɓa cikin cikakkiyar shigarsa, igiya a ɗaure a ƙirjinsa, ɗaya bakin yana ajiye a ƙasa. Tun safe yake nan. Laka tana gabansa, in ya miƙa ƙafa zai taɓa ta, babu mai ganinsa, amma safarsa a bushe take ƙamas.

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Ciniki ya yi kyau?"

"Ya yi."

"To madalla. Ɗauki bakin igiyar, rana tana tahiya."

Na riƙe. Ya caka gora, ya shiga a hankali, ya tsaya iyakar gwiwa. Na ce ya ƙara mana, ai ina nan. Ya ce tsohon da ba zai iya zare ƙafarsa da kansa ba, gwiwa ce cibiyarsa. Ya rufe ido, ya ce in yi magana. Na kama lissafa masa waɗanda suka yi aure da waɗanda suka haihu tun bayan tafiyarsa. Yana ta gyaɗa kai, yana motsa yatsun ƙafarsa a ƙasa, laka tana 'yar ƙara. Ban sake igiyar ba har ya ce ya isa.

Bai ga wata damina ba. Ya rasu a ɗakin Lami, a kan gado, cikin tufafi masu tsabta.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya jiƙan Inna Hajo. Bai ci haƙƙin kowa ba, bai taɓa jefa ran wani cikin hatsari don jin daɗinsa ba. Allah ya sa ƙasa ta yi masa sanyi da laushi, ya yafe mana jiran da muka sa shi.