Ɗakin da Baba ya gina wa Kaka a cikin mota

Har yau idan na wuce wurin masu gyaran kujeru, warin gam ɗin nan mai hawa kai ya buge ni, sai in ja in tsaya. Mutane su toshe hanci su wuce abinsu, ni kuwa in tsinci kaina a ƙofar gidanmu a zangon Bawku, ina 'yar shekara goma, ina leƙen wata tsohuwar mota da nake tsoro kamar raina zai fita.

Motar ta wasu Turawa ce masu yawon duniya. Sun ƙetaro Sahara da ita, ta gaji, suka sayar wa wani fita, wato makanike, Baba ya saye ta a hannunsa. Ba ta fi ƙaramar bas ba, amma a cikinta akwai gado da tebur da murhun gas da firij, har da masai. Masai a cikin mota! Yaran unguwa suka ce a ciki wani Bature daga cikinsu ya mutu, wai gashinsa ma yana nan maƙale a katifa. Na je na duba don in ƙaryata su, sai ga gashin, dogo, ja. Kwana uku ban bi ta wannan gefen gidan ba.

Saboda Kaka Baba ya saye ta. Kaka mahaifiyarsa ce, kuma a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Yayanta da ke Salaga, wanda rabonta da shi shekara goma sha, ya aiko cewa jikinsa ya ƙi, yana son ya gan ta. Ita kuma baya ya riƙe, ga tari, ba za ta iya zaman bencin lori na kwana biyu ba. Baba kafinta ne, sai ya ce to zai yi mata ɗaki mai taya ta tafi a kwance. Kowa ya yaba. Ni kaɗai nake ganin motar nan za ta raba ni da Kaka, ban kuma san wa zan gaya wa ba.

Aka fara aiki da farkon damina. Masai aka fara ɓamɓarewa, domin Kaka ta rantse ba za ta yi salla kusa da shi ba. Murhu da firij suka bi bayansa, katifar Bature aka ƙone ta a juji. Baba ya buga gadon katako mai faɗin mutum biyu, ya sa katifar rimi, ya yi kanta ta kwanon goro da ƙusar rataye buta. Ya manna leda mai zanen furanni a ƙasa da gam ɗin nan, ya ɗinko labulen atamfa. Tsakanin kujerar direba da gadon ya ja bangon falanki, don kada mazan hanya su riƙa leƙen mahaifiyarsa. Kaka ta zo da sandarta ta duba, ta taɓe baki.

"Ƙawata," haka take kirana, "ubanki ya yi mini akwati tun ban mutu ba."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Da aka cire kayan Turawa, sai ga ramuka sun bayyana: biyu masu raga a jikin bango kusa da ƙasa, ɗaya a rufi mai murfi. Baba ya tambayi fitan amfaninsu. Fitan ya leƙa, ya ce, "Wannan na firij ne da gas. Tunda ka cire shi, toshe kawai. Motan nan ya tsufa, ruwa zai shiga, sauro zai shiga, tsohuwa zai sha wahala." Baba ya ga gaskiya ne, ga tarin Kaka ba ya son iska. Hannunsa bai shiga ramukan ƙasa ba, don haka ni aka ba tsummoki na cusa, na danna da tsinke har babu inda haske ke ratsowa, shi kuma ya bi da leda ya manne. Na rufi ya buga masa katako. Ƙofar ma ya yanko robar tsohuwar taya ya zagaye bakinta, har sai babba ya sa kafaɗa take buɗuwa. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba, don Baba ya ce hannuna ya fi na yaran shagonsa.

Doka ɗaya ya kafa: ba wuta a cikin mota. Gobara yake tsoro. Kaka ta ce to, alhali ɗan kaskonta na jin ɗumi yana naɗe cikin zannuwanta, kuma ni na naɗe mata shi. A gida duk sanyin ruwa da shi take kwana, ba a taɓa jin wani abu ba, tunda ɗakinta rufin kwano ne, iska na shiga ta ko'ina.

Muka bi ta Garu, muka sauka Yendi gidan wani malami abokin Baba. Washegari da hantsi muka kama hanyar Salaga. Wajen azahar hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge, muka tarar da rafi ya haura hanya, lorori sun yi layi. Baba ya ce mu zauna, ya bi direbobi can gaba su duba zurfin ruwan.

Kaka ta fara rawar ɗari. Ta nuna mini wata mata da ke gasa masara a ƙarƙashin rumfa, ta ce in roƙo mata garwashi. Na ce Baba fa ya hana. Ta ce ita ta haifi Baban. Matar ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane, ta zuba mini garwashi ja wur a murfin kwano, ta rako ni da faranti a kai, ta tura mana ƙofa ta rufe gam.

Ɗumin ya yi daɗi. Garwashin mai kyau ne, ko hayaƙi babu, shi ya sa ba abin da ya zo mini a rai. Kaka tana jan carbi, ruwa na dukan rufi. Can sai kaina ya fara sara, kamar ana ɗaure shi da igiya. Na ce, "Kaka, kaina." Ba ta amsa ba. Carbin ya zame daga hannunta ya faɗi a leda, ba ta neme shi ba. Kaka da ko barci take ba ta sakin carbi! Na girgiza ta, kanta ya langaɓe gefe, bakinta a buɗe.

Na miƙe, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na rarrafa zuwa ƙofa na tura, robar Baba ta riƙe. Na buga tagar da buta, amma wa zai ji a wannan ruwa? Amai ya zo mini. Abin da na fi tsoro shi ne barcin da nake ji, barci mai daɗi, ina kuka yana jana. A raina na ce Baturen ne ya zo, haka shi ma ya mutu. Ina kwance fuskata a ƙasa na ga inda leda ta ɗan tasa a bakin ramin da na toshe. Na sa haƙori na yage ta, na yi ta zaro tsummoki, kuma wallahi na tsine wa hannun nan da aka yaba. Da iska mai sanyi ta taɓa fuskata na manna baki a ragar na yi ta ihu.

Mai masara ce ta ji, ta dawo karɓar murfin kwanonta. Ita da wani direba suka fizge ƙofar. Aka kwantar da Kaka a rumfa, ana yi mata fifita, ana yayyafa mata ruwa. Baba ya iso a guje, caɓo har gwiwa, ya durƙusa yana "Inna! Inna!" kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Direban ne ya gaya masa gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum ba hayaƙi ba ƙara. An daɗe, an daɗe ƙwarai, kafin Kaka ta yi tari ta buɗe ido. Ni ta fara nema.

A kujerar gaba ta ƙarasa Salaga, duk da bayan nata, taga a buɗe. Ta sami yayanta da rai, suka yi kwana tara tare kafin ya cika. Kafin a gama zaman makoki Baba ya buɗe ramukan nan duka, ya cire robar ƙofa, ya ƙara huda wasu biyu, ya kai ta ta gani da idonta. Ta duba, ta sa masa albarka, ta ce aikinsa ya yi kyau, laifin nata ne. Sannan ta ce, "Amma ni na gama shiga. Ku gaida gida."

Na yi kuka, na yi birgima, na ce to a bar ni tare da ita. Baba ya ce makaranta. Ni kaɗai na kwanta a gadon mutum biyu har Bawku.

Yanzu motoci masu sanyi ke bin hanyoyin nan, gilashi a rufe ruf, mutane na barcinsu hankali kwance. Ni sai na sauke nawa, 'ya'yana su yi ta mita wai ina ɓata musu sanyi. Na ba su labarin ya fi a ƙirga, abin da suke riƙewa kawai shi ne Kaka ta tashi. Ta tashi kam, ta ƙara shekara uku a Salaga, tana aiko mini da goro da saƙon in yi karatu. Amma ban sake kwana ɗaki ɗaya da ita ba.