Dattijo Mai Neman Yakuwa

Daw Mya Yin, mai sayar da ganye a kasuwar Pyay, tana lura da wani dattijo. Zanensa a goge yake, amma kwandon hannunsa na mace ne, bai kuma iya riƙonsa ba. Yana duban rana, yana damƙar ganye.

"Kawu, rama ka ɗauka, ba yakuwa ba! Uwargida da ludayi za ta koro ka."

"Ta rasu," in ji shi. "Abincin sadakarta zan dafa, sufayen Buddha da za a ciyar kuwa ba sa ci idan rana ta yi tsaka."

Mutum kan shekara yana cin miya bai san ganyenta ba, sai mai dafawar ta kau. Daw Mya Yin ta haɗiye dariyarta, ta shiga tsinke masa ɗanyar yakuwa da hannunta.