Inna Kulsumu da Soson Kifi

Kafin masu kunu da ƙosai su gama jera robobinsu a ƙofar asibiti, Inna Kulsumu ta riga ta shige ɗakin yara da tsintsiyarta. Ita ba likita ba, ba nas ba. Mai shara ce a wani ƙaramin asibiti nan Ƙauran Namoda, a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa. Takan fara da ƙarƙashin gadaje, ta kwashe ledoji, ta goge ƙasa, tana gaisawa da iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa wadda ta bar kwano a buɗe faɗa kamar ita ta haife ta. Sai ta gama wannan duka sannan ta ɗauraye hannunta da ruwa zalla, ta nufi kusurwar gefen taga, inda ainihin sarautarta take.

A kusurwar nan akwai wani akwatin gilashi da bai wuce girman katan ɗin taliya ba, cike da ruwa, da ƙananan kifaye masu launi, babban cikinsu bai kai ɗan yatsa ba. Wani likita ɗan bautar ƙasa ne ya zo da shi shekarun baya. Da zai tafi ya duba ya ga ba wanda ke tsayawa gaban kifin nan da safe sai ita, sai ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake yi. Can ƙasan ruwan akwai wani dunƙulallen soso da aka zura wa bututu a tsakiya. Siririn tiyo yana kawo iska daga wani ɗan inji mai aiki da batirin sola, iskar tana tashi sama ta cikin bututun, tana jawo ruwa ta jikin soson. Datti ya maƙale, ruwa ya fita garau. Amma likitan ya ce mata ba tace dattin ne babban aikin ba. A cikin soson akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kuma sukan ɗauki makonni kafin su zauna a sabon soso.

Inna ta gyaɗa kai ta ce ta gane, ai iri ne, irin wanda ake ragewa a ƙwarya don a kafa sabon nono. Likita ya ce haka ne.

Tun daga nan dokarta ɗaya ce. In soso ya yi nauyi, takan ɗebi ruwan akwatin a roba, ta matse shi a ciki a hankali, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ta mayar da shi yana nan da launinsa na ƙasa-ƙasa. Ba ruwan famfo, ba sabulu. Matar da ke iya sa a sake wanke zanin gado saboda ɗigo ɗaya, ita ce ke kāre tsohon soso kamar gadon gidansu, kuma ma'aikata sun daɗe suna tsokanarta a kan haka.

Mai karatu zai ce, to, me ya haɗa kifin ado da jinjinar da nake wa Inna? Wanda bai taɓa ganin yaro mai tamowa ba ya ɗauka yunwa ce za ta sa ya wawuri abinci. Ba haka ba ne. In ciwon ya yi nisa, yaro yakan daina son ci gaba ɗaya, ya kawar da kai, ya datse baki, har sai an zura masa roba ta hanci. Inna ta lura cewa yaron da ya ƙi kallon uwarsa yakan kalli kifi. Sai ta riƙa saɓa su a kafaɗa zuwa gaban gilashi, ta barbaɗa wa kifin abinci, su taso suna wawaso, ta ce, "Kihi ya ci, saura wa?" Wani ya yi banza da ita. Wani kuwa, idonsa na kan gilashi, sai ya buɗe baki a ba shi madara bai ma sani ba.

Ke ce, Inna, kika mayar da kusurwar nan wurin cin abinci. Likitoci sun yi nasu, nas-nas sun yi nasu, amma da yawa daga kofunan da suka koma wurin wanki babu komai a ciki, a gaban gilashinki aka shanye su.

Abin da na fi so in ba da labari shi ne na Nabila, domin ma'aikatan ɗakin duka sun shaida shi. Uwarta Asiya ta taho da ita daga wani ƙauye na bayan Moriki, bayan sun baro gida ba shiri, sun bar gero a gona. Yarinyar ta isa yawo da surutu, amma ba ta tafiya, ba ta magana, robar hanci kuwa da an sa sai ta fizge ta jini na bi. A gaban kifi ta fara kurɓar madara. Akwai wani mai jan wutsiya da ta ɗauka nata ne, in bai ci ba, ita ma ba za ta ci ba. An fara sa rai.

Ana cikin haka Inna ta tafi garin Banga sunan jikarta, ta kwana can. Da ta dawo da safe, tun daga bakin ƙofa ta ga ruwan ya yi fari-fari. Kifaye sun juya ciki sama suna yawo a kan ruwa. Soson nan ya fito tas kamar yau aka sayo shi, ƙamshin sabulu na tashi. Nabila na kwance ta juya wa taga baya, kofin madararta cike a gefe. Nas ɗin safe ta ce tun jiya da yamma ba ta sa komai a baki ba, in aka wayi gari a haka dole a mayar da robar hanci, ko da za a ɗaure mata hannu.

Asiya ta rarrafo ta durƙusa. "Inna, ni ta. Na ga kina ta wahala da mu, ban da abin da zan ba ki, shi na nic ce bari in wanke miki shi. Wallahi alheri niy yi nuhi."

Ran Inna ya ɓaci ƙwarai, ba ta ɓoye wa kowa wannan ba daga baya. Kifin nan tun kakanninsu a hannunta aka haife su. Maganar ta zo mata har baki. Sai idonta ya faɗa ƙarƙashin gadon Asiya, wurin da ba wanda ya fi ta saninsa, ta ga an ƙulle kaya a zani, an ɗora takalman yarinya a kai. Ta san ma'anar wannan ƙulli. Ta sha ganin uwar da kunya ta kama ta goya ɗanta ta sulale da tsakar rana, kuma ta san labarin da ke biyo baya. Asiya ba ta da gidan komawa, Nabila kuwa ba ta da ƙarfin hanya.

"Tashi, ɗiyata, ba lokacin kuka ba na," in ji ta. "Kama min robar ga."

Ta ɗebo ruwan rijiya da ya kwana a randa, ta tsamo 'yan kifayen da ke da sauran motsi, har da mai jan wutsiya, ta zuba su a ciki. Ta miƙa wa Asiya moɗa. "Ki riƙa ɗiba kina zubowa daga sama, sannu-sannu, iska shi shiga. In kin bari sun mutu. Amana ta na ba ki, har in komo."

Sannan ta kashe injin, ta naɗe tiyon iskar ta jefa a jakarta. Nas ɗin ta gani, ta yi mamaki.

Matsalar ita ce sabon soso ba zai riƙe ruwan ba, kafin ya kama iri sauran kifin sun bi 'yan uwansu. Tsohon soso ɗaya ta sani a duk yankin. Da aka mayar da wata nas mai suna Rashida aiki Shinkafi, Inna ta ba ta 'ya'yan kifi da soso na biyu da take da shi, don yaran can su ma su samu abin kallo. Sai Inna ta roƙi sauran iyaye mata su ɗauraye akwatin har sabulu ya fita, ta ɗauki bokiti mai murfi ta nufi tasha.

Dogo direba, wanda ita ta yi jinyar ɗansa a ɗakin nan, ya ce, "Inna, Shinkahi yau? Kin san halin da hanyar ga take ciki. Mi za ki ɗauko, in taho miki da shi?"

"Soso."

"Soso ya ƙare Ƙaura?"

"Tsoho nika so, mai dauɗa. In na bar maka, sai ka aza shi gaban mota shi bushe."

Dogo ya yi dariya har da dukan sitiyari, amma gaba ya sa ta. Ita kuwa ba dariya a ranta. Tsoron hanyar take ji kamar kowa, duk inda daji ya yi duhu sai motar ta yi tsit, kowa na motsa baki da addu'a. A Shinkafi ta tarar Rashida ta ƙara wani soso a akwatinta tuntuni, ya riga ya kama. Inna ta karɓi tsohon sosonta, ta nutsa shi a ruwan akwatin cikin bokiti, Rashida ta ƙara mata da 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa. Ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Ta lulluɓe bokitin da jiƙaƙƙen zani, ta riƙe shi a cinya har Ƙaura.

Ana kiran la'asar ta shigo ɗakin. Asiya na nan inda ta bar ta, hannun dama ya gaji ta koma na hagu, moɗa na tashi tana sauka. Ƙullin kayan yana nan ƙarƙashin gado. Nabila ta sauko ta jingina da cinyar uwar tana leƙen robar.

Inna ta cika akwati, ta zura tsohon soso a bututu, ta fito da tiyo daga jaka ta haɗa. Iska ta fara tashi. Ta saki manya, ta saki ƙanana. Amfanin soso ke nan ga ɗan kifi: ba ya tsotse shi ya hallaka, kuma a jikinsa yake samun abin tsinta. Ba a jima ba 'ya'yan suka yanyame shi suna caccaka, mai jan wutsiya ya bi sahu. Nabila ta ɗora yatsa a gilashi. Da wata 'yar murya da ba wanda ya taɓa ji a ɗakin ta ce, "Suna ci."

"Suna ci," in ji Inna. "Saura wa?"

Yarinyar ta miƙa hannu aka ba ta kofi. Kurɓi kaɗan ta yi ta huta, ta sake yi. Asiya ta rufe fuska da mayafi tana kuka, nas ta mayar da robar hanci cikin durowa.

A watan jiya Inna Kulsumu ta yi ritaya. An yi 'yar walima a ƙarƙashin darbejiyar asibiti, ba taro mai yawa ba. Asiya ta zauna a Ƙaura, tana sayar da awara a ƙofar asibitin, kuma ita Inna ta koya wa aikin soso, ita ta bar wa robar da moɗar. Nabila ta zo cikin hijabin Islamiyya, kumatu sun fito, bakinta ba ya hutawa.

Ana cikin rabon lemo Asiya ta matso. "Inna, wata magana ta daɗe tana cina. Yanzu in na kwashe kihi cikin roba, tiyon iska nika jehwa musu ciki, su wuni lahiya lau. Ashe ran nan tiyon ya isa? Don mi kis sa ni zuba ruwa har hannuna ya mutu?"

Inna ta dube ta, ta dubi Nabila. "Ya isa riƙe kihi, ɗiyata. Ke ta ba ya iya riƙewa."

Asiya ta kama hannun tsohuwar ta kifa fuskarta a kai.

Inna Kulsumu, uwar masu ƙin ci, mun gode. Ke ce aka ɓata wa abin da kika fi so, kika haɗiye fushi kika ba mai ɓarnar amana. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya sa jikokinki su samu masu riƙe su kamar yadda kika riƙe na mutane. Mu kuma da muka rage a wuraren aikinmu, in wani ya yi mana ɓarna yana nufin alheri, kafin mu buɗe baki mu leƙa ƙarƙashin gadonsa tukuna, mu ga ko ya ƙulle kaya. Yau da safe na bi ta ɗakin, na tarar da Asiya tana matse soso a roba, wata sabuwar uwa na tsaye da ɗanta a kafaɗa, yaron yana kallon gilashi, bakinsa a buɗe.